Lakwal, Lanho da Sarakuna a Zamanin Nasara

Lokacin da sojojin Faransa suka ci Damagaram a shekarar 1899, sun tarar da ƙasa mai malamai da makarantun allo, amma ba su sami wanda zai yi musu tafinta ko ya riƙe musu littafin lanho da harshensu ba. Wannan buƙata ce ta haifi lakwal a ƙasarmu.

A shekarar 1903 Gwamna Janar Ernest Roume ya kafa tsarin karatu na bai ɗaya ga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa: makarantar ƙauye, makarantar yanki, sannan makarantar horar da malamai a Senegal, wadda daga baya aka sa wa sunan William Ponty. Sai dai tsari daban, kuɗi daban. Dokar Faransa ta shekarar 1900 ta ce kowace ƙasar mallaka ta ɗauki nauyin kanta. Saboda haka ginin aji da albashin mushe duka daga lanhon talakawa suke fitowa, bayan an ware na mulki da na tsaro. Nijar ƙasa ce mai faɗi, ba ta da teku, kuɗin shigarta kaɗan ne, don haka makarantunta ba su taka kara sun karya ba. Yaron da ya yi fice sai ya bar ƙasar. Boubou Hama ya bi ta Dori da Wagadugu kafin ya isa William Ponty, ya komo a 1929 a matsayin ɗan Nijar na farko da ya fito malami daga can.

A tsakiyar wannan al'amari sarakuna suke. Su ke tara lanho, su kuma kumandan ke umarta da su kawo yara. Iyaye na gudun kada ɗansu ya bar tarbiyyar gida da aikin gona, har wasu kan ɓoye yara cikin rumbu ko su tura su rugga. Sarki ya ƙi, ya gamu da fushin Nasara. Ya matsa, ya ɓata da jama'arsa. Gidajen sarauta da dama sun hana ƴaƴansu, suka miƙa ƴaƴan barori da na marasa galihu.

Bayan taron Brazzaville na 1944 al'amura suka soma sauyawa. A 1946 aka soke aikin tilas, aka kuma kafa asusun FIDES, wanda ta hanyarsa kuɗi daga baitulmalin Faransa suka shigo gina makarantu, asibitoci da hanyoyi. Azuzuwa suka ƙaru, aka buɗe kwaleji a Yamai. Amma an makara. Ranar 3 ga Agusta 1960, da Nijar ta sami ƴancin kai, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, ƴan mata kuwa ƙalilan ne a cikinsu.

Duk da haka, daga cikin waɗannan tsiraru ne shugabannin farko suka fito. Diori Hamani, Djibo Bakary da Boubou Hama duka malaman makaranta ne. A garuruwa da yawa, yaron da aka kai lakwal yana kuka shi ne ya komo yana sa hannu a takardar naɗin sarki. Masu iya magana sun ce abin da ya baka tsoro, wata rana shi zai ba ka tausayi. Nan kuwa abin da aka gudu ne ya zama abin nema.