Shekarar da Aka Kashe Star Trek, Aka Haifi Kilba

Mu da muka taso a unguwannin da ke maƙwabtaka da Ƙofar Kuyambana, ba a akwatin talabijin muka fara ganin Star Trek ba. A waya muka gan shi, daga hannun masu tura finafinai, waɗanda kan cika maka waya da abin da ka zaɓa, sannan su ƙara maka gyara da abin da ba ka tambaya ba. A cikin gyaran ne tsohon shirin ya shigo mana: jirgin sararin samaniya mai suna Enterprise, da Kyaftin Kirk, da wani mai kunnuwa masu tsini da ba ya dariya, wai shi Spock. Sai da muka girma muka lura da shekarar da shirin ya mutu, wato 1969, muka kuma gane cewa a shekarar nan ce aka buga labarin tafiya sararin samaniya da Hausa, a nan Zariya.

Bari mu fara da na Amurka. Tashar NBC ta soma nuna Star Trek ranar 8 ga Satumba, 1966. Gene Roddenberry ne ya ƙirƙiro shi. Tun daga farko alƙaluman masu kallo ba su gamsar da tashar ba, don haka kafin zango na biyu ya ƙare, raɗe-raɗin za a dakatar da shi ya bazu. Masoyansa ba su da yawa, amma masu naci ne. Wata mata mai suna Bjo Trimble da mijinta suka shirya yaƙin wasiƙu, aka yi ta aika wa tashar takardu jaka-jaka. A watan Janairun 1968 ɗaliban jami'a suka yi tattaki zuwa ofishinta da ke Burbank a jihar Kalifoniya. Ranar 1 ga Maris tashar ta yi abin da ba a saba gani ba: ta sanar a kan allo cewa shirin zai dawo, a daina rubuto mata haka nan.

Ya dawo, amma dawowar marar lafiyan da aka sallama daga asibiti ba don ya warke ba. An mai da shi daren Juma'a ƙarfe goma, lokacin da matasan da ke sonsa sun fita yawo, yara kuma sun yi barci. An rage kuɗin shirya kowane kashi, alhali albashin manyan 'yan wasan ya ƙaru. Roddenberry ya yi fushi ya janye daga aikin yau da kullum, aka kawo Fred Freiberger ya riƙe. Rashin kuɗin nan a fili yake ga duk mai kallo. Shirin da aka gina kan ziyartar sababbin duniyoyi ya koma yawancinsa cikin ɗakunan jirgi, saboda fita waje ɗaukar hoto tsada gare shi. Kashin da ya buɗe zangon, ranar 20 ga Satumba, 1968, labarin wata mata ce da ta sace ƙwaƙwalwar Spock, abokansa suka bi sawu suna tafiyar da gangar jikinsa da na'ura. Har yau masoyan shirin da shi suke zolayar junansu. Mu ma da muka kalle shi, dariya muka yi a wurin da ba a nufi a yi dariya ba.

Duk da haka zangon bai rasa abin tunawa ba. A watan Nuwamba aka nuna kashin da Kirk, farar fata, ya sumbaci Uhura, baƙar fata mai kula da sadarwar jirgin, a shekarar da aka kashe Martin Luther King. Sunan Uhura daga kalmar Sawahili ta 'yanci aka samo shi. Nichelle Nichols, wadda ta fito a matsayin, ta sha ba da labarin yadda ta so barin shirin tun bayan zangon farko, King da kansa ya roƙe ta ta zauna, domin 'ya'yan baƙaƙe su ga irinsu a mazaunin girma. A Fabrairun 1969 tashar ta yanke hukunci. Kashi na ƙarshe ya fita ranar 3 ga Yuni, kasa da mako bakwai kafin Neil Armstrong ya taka wata ranar 20 ga Yuli.

A nan ne lissafi ya shigo, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalinmu, wataƙila don sana'armu ta rubuta manhaja ta koya mana ƙirga. Zangon farko kashi 29 ne, na biyu 26, na uku 24. Da a ce an tsaya a na biyu, 55 ke nan, abin da ya yi wa ƙananan tashoshi kaɗan, domin su suna son shirin da za su riƙa maimaitawa kullum na tsawon watanni ba tare da mai kallo ya gundura ba. Zangon da aka raina shi ya kai adadin 79. Da wannan aka sayar wa tashoshin garuruwa, suka riƙa sa shi da yamma, lokacin da yara suka dawo daga makaranta. A 1972 aka yi babban taron masoyansa a New York. A 1976 hukumar NASA ta raɗa wa kumbonta na gwaji suna Enterprise bayan wani yaƙin wasiƙun. A 1979 fim ya fito, a 1987 sabon shiri ya biyo baya. Mae Jemison, baƙar fata mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, ta ce ganin Uhura na cikin abin da ya zaburar da ita.

To, mu dawo gida. A 1969 Nijeriya na tsakiyar yaƙin basasa, wanda bai ƙare ba sai Janairun 1970. Gidan talabijin na Kaduna ya soma aiki tun 1962, amma akwatin kallo kayan 'yan boko da attajirai ne. Mutumin cikin birni rediyo ya sani, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A wannan yanayi kamfanin NNPC na Zariya (na ɗab'i, wanda aka kafa a 1966, ba na man fetur ba, wannan sai 1977 ya zo) ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin wani yaro ne, Kilba, da ya haɗu da baƙo daga wata duniya mai suna Kolin Koliyo, baƙon ya ɗauke shi zuwa sama. Kafin shi, jaruman littattafanmu sun yi tafiye-tafiye masu nisa. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da Ganɗoki sun shiga ƙasashen aljanu tun shekarun 1930. Bambancin Kilba shi ne samansa ta taurari da duniyoyi ce, irin wadda malamin kimiyya ke zanawa a allo.

Littafin ya shiga azuzuwan Hausa, manazarta sun yi rubutu a kansa, ana kuma kiransa cikin na farko a fagen ƙagaggen labarin kimiyya da harshenmu. Abin da bai samu ba shi ne zango na biyu, balle na uku. Ba laifin hasashen Bahaushe ba ne. Duk wanda ya yi zamanin littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya san mai karatunmu ba ya tsoron bin marubuci zuwa duniyar da babu ita. Abin da muke gani ya faru shi ne, da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka koma buga wa kansu, kasuwar Kano da shagunan hayar littafi suka zama alƙalai. Mai shagon haya, kamar ƙaramar tashar Amurka, abu mai yawa yake so, na ɗaya da na biyu da na uku, wanda za a dawo masa gobe a nemi cigabansa. Soyayya ta ba shi wannan, labarin yaƙi ma ya ba shi. Kilba kuwa littafi ɗaya ne siriri, shi kaɗai a kan kanta.

Yanzu mun zama mutanen zango. Tun da Arewa24 ta soma a 2014 muke ƙirga Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina zango-zango, muna musu a majalisa kan wanne ya lalace, wanne ya gyaru. Masu shiryawa sun koyi riƙe mai kallo shekara da shekaru, kuma wayar da ke aljihun yaron da ke sayar da rake a bakin ƙofa ta fi kwamfutar da ta kai Armstrong wata ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kwanakin baya muka gwada wani abu a majalisarmu da ke gindin ganuwa, bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta, taurari sun fito ta wajen Dutsen Kufena. Muka tambayi samarin da ke zaune wa ya san Spock. Hannuwa da dama suka tashi, har wani ya raba yatsunsa irin gaisuwarsa. Da muka ambaci Kolin Koliyo, sai wani dattijo, tsohon malamin firamare da ke kishingiɗe a gefe, ya gyara zama. Ya ce yana da littafin a cikin adakarsa, sai dai gara ta cinye bangon baya da 'yan shafukan ƙarshe.