Katin waya a matsayin kuɗi a Yamai

Katin waya ɗan kwali ne mai ɗauke da lambobi a ɓoye, waɗanda ake kankarewa a zuba kuɗin kira a salula. A Yamai ya bazu bayan Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001. Kamfanin ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010.

Ba a jima ba katin ya zama kuɗi a hannun jama'a. Ɗan cirani zai sayi na jaka guda a bakin Babbar Kasuwa ko Katako, ya kankare, ya tura lambar zuwa gida ta saƙon waya. Wanda ya karɓa sai ya kai wa mai shago, a ba shi tsabar sefa bayan an cire ɗan wani abu. Dabara ce mai kyau ƙwarai, domin yawancin mutanen karkara ba su da asusun banki, kuma aike ta hannun direban mota yakan ɗauki kwanaki. Hatsarinta guda ne: duk wanda ya riga zuba lambar, kuɗin nasa ne.

Zuwan Airtel Money da kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza ya rage wannan ciniki.