Inuwa a Jikin Bango: Nosferatu da Tsoron da Ba Shi da Murya

A ranar 4 ga Maris, 1922, aka fara haska wani fim mai suna Nosferatu a birnin Berlin na ƙasar Jamus. Ba a jin muryar kowa a cikinsa. Makaɗa ne ke zama a gaban allo suna kiɗa, idan magana ta kama sai a nuno ta a rubuce. Yau shekara ɗari da ɗoriya ke nan, amma har yanzu yana tayar wa mai kallo tsigar jiki, alhali fina-finan ban tsoro da yawa da suka zo bayansa, da ihunsu da jininsu, an manta da su.

Labarin gajere ne. An aiki wani matashi, Hutter, yankin Transylvania ya sayar wa wani basarake mai suna Orlok gida. Ashe Orlok gawa ce mai tashi da dare tana shan jinin masu rai. (Wani zai ce ai maye ke nan, sai dai maye rayayye ne mai kamun kurwa, wannan kuwa ya daɗe da mutuwa.)

Darakta F. W. Murnau bai ba dodonsa kyan sura ba. Ɗan wasa Max Schreck ya fito da kai ƙwal, kunnuwa masu tsini, farata zaƙo-zaƙo, ga haƙoran gaba biyu irin na ɓera. A ganina sirrin fim ɗin yana ga ɓeran nan. Orlok ya taho a jirgin ruwa da akwatunan gawa cike da ƙasa da ɓeraye, matuƙa suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jirgin ya iso gaɓa babu mai rai a ciki, annoba ta shiga gari. Akwai wurin da Ellen, matar Hutter, take leƙe ta taga, ana wucewa da akwatunan gawa a jere kan titi. Mutanen da suka kalli wannan a 1922 ba su bukaci bayani ba. Jamus ta rasa sojoji kusan miliyan 2 a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan murar 1918 ta biyo baya ta kwashe miliyoyin mutane a duniya. Sun san yadda mutuwa ke shiga gida ba sallama.

Rashin murya ma ya taimaka. Da dodon ya yi magana, da ya zama mutum kamar kowa. Da yake bai yi ba, sai aka bar mai kallo da inuwarsa tana hawa matakala, yatsunta na miƙewa a jikin bango. Yawancin wuraren da ake cewa dare ne, da rana tsaka aka ɗauke su, aka rina fim ɗin shuɗi.

Saura ƙiris ma mu rasa shi. Daga littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, aka ɗauko labarin ba da izini ba, aka sauya sunaye. Matar marigayin, Florence, ta kai ƙara, kamfanin Prana da ya shirya fim ɗin ya karye, kuma a 1925 kotu a Jamus ta ba da umarnin a lalata duk kwafinsa. Wasu kwafe sun riga sun tsallaka iyaka. A 1929 aka haska shi a New York.