Maƙeran Daura: Daga Wuƙar Bayajidda Zuwa Laujen Fadama

Duk wanda ya tashi a Daura ya san labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu, wadda ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Abin da masu ba da labarin kan tsallake shi ne zangon da baƙon ya yi kafin isowarsa. Ruwayar ta ce bayan ya baro Borno ya bar matarsa a Garun Gabas, ya biya ta Gaya, can maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya sare kan macijiyar. Tun a 1970 masanin tarihi Abdullahi Smith ya yi tababar ɗaukar wannan labari a matsayin tarihi tsantsa. Amma ko mai tababa zai yarda da abu guda: kakannin da suka riƙe labarin ba su ga jarumi ya isa shi kaɗai ba, sai da hannun maƙeri. Har yau fadar Daura na ajiye da makamin da ake jingina wa Bayajidda.

Maƙeran baƙi, wato masu aikin baƙin ƙarfe, su ne suka riƙe gona da fagen fama a lokaci guda. A da tama suke narkawa da kansu. Yanzu tsohon sifirin mota suke nema, don ya fi riƙe kaifi. Yaro na zaune yana buga zugazugi, gawayin ƙirya na ci, maigida ya zaro jan ƙarfe da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, masaba ta sauka. A nan ne ake yanke wa ƙarfen hukuncin abin da zai zama.

Lauje ana lanƙwasa shi ne don ya rungumo ciyawa ko shinkafa, kaifinsa na ciki. Adda nauyinta ake turawa gaba, yadda in mai sassabe ya ɗaga, ita za ta yi rabin aikin. Wuƙar mai lambu gajera ce, baki ɗaya, bayanta da kauri domin ɗan yatsa ya samu wurin dannawa wajen yankan kuɓewa ko latas. Ta faɗa kuwa siririya ce mai tsini, sau da yawa baki biyu, kuma baduku kan yi wa kubenta zobe na fata a zura a damtse, a zare ta cikin ƙiftawar ido. Gwanintar tana wajen tsoma ƙarfen a ruwa: in ya yi tauri da yawa ya karye a kan itace, in bai yi ba ya dakushe tun kafin hantsi. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Ido ne ke karanta launin ƙarfe, kuma daga uba ɗa ke gadonsa.

Ƙarni na 19 ya sa an fi bukatar tsini. Wajen 1805 Malam Ishaku ya karɓi Daura da tutar jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa ta kafu a Zango da Baure, ga kuma barazanar Damagaram daga arewa. Manomin wannan zamani da fartanya a kafaɗa yake fita, da wuƙa a hannu. Da Turawa suka ɗora Malam Musa na Zango kan gadon Daura, yaƙi ya lafa, takobi ya koma kayan adon mahaya a hawan Salla da Sallar Gani.

Sai dai makami bai bar fage ba, wasa ya koma. 'Yan tauri na shiga fili da kiɗa da kirari, suna goga wuƙa a ciki da wuya don nuna ƙarfin maganinsu. 'Yan shanci na karawa da baura, ƙarfe mai kaifi da ake sawa a hannu. Duka biyun suna da manya da ladubba, kuma ba kowa ake bari ya zare ƙarfe ba. Wannan tarbiyya ce ta yi rauni, har ta kai ga ƙauraye sun ɓata wa wuƙa suna, 'yan sanda na hana yawo da makami duk lokacin hawa. Laifin ba na maƙeri ba ne, shi da har gobe yake cika kasuwar Mai'aduwa da lauje da fartanya, masu noman rani na madatsar ruwan Sabke suna saye.

Tsofaffin da suka ga narkar tama da idonsu suna ƙarewa. Ya kamata Masarautar Daura da hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina su zauna da sarakunan maƙera na Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, a naɗi bayanansu, a tattara samfurin kowace wuƙa da sunanta da aikinta, a ajiye inda 'yan makaranta za su gani.