Hendra Setiawan: ɗan wasan badminton da ya zama zakaran duniya sau huɗu

Hendra Setiawan tsohon ɗan wasan badminton ne na ƙasar Indunusiya, wanda ya yi fice a wasan maza na biyu-biyu. An haife shi ranar 25 ga watan Agusta 1984 a garin Pemalang da ke tsakiyar tsibirin Java. Ya ci lambar zinariya a gasar Olamfik ta 2008, ya zama zakaran duniya a 2007, 2013, 2015 da 2019, sannan ya yi ritaya a watan Janairun 2025 yana da shekara 40. Shekara 12 ne tsakanin kambunsa na duniya na farko da na ƙarshe, kuma da abokan wasa biyu daban ya same su. Shi ya sa ake yawan kafa misali da shi wajen nuna cewa a wasan biyu-biyu, basira da fahimtar juna sun fi ƙarfin dantse daɗewa.

Yadda wasan yake

Ana buga badminton da raket marar nauyi da wata ƴar ƙwallo mai gashin tsuntsu 16, na dinya ko na agwagwa, wadda nauyinta bai wuce giram 5 da ɗan kai ba. Saboda rashin nauyin nan, iska kaɗan ta isa ta karkatar da ita. Wanda ya san iskar hunturu ta Arlit da Akokan zai gane dalilin da ya sa ba a yin gasa a sarari sai cikin rufaffen ɗaki.

Filin biyu-biyu yana da tsawon mita 13.40 da faɗin mita 6.10, raga kuma tana da tsayin mita 1.55 a wajen sanduna. Daga 2006 aka koma ƙidayar maki 21 a kowane zagaye, kuma waɗanda suka ci zagaye biyu cikin uku su ne da nasara. Idan aka yi 20 da 20, sai an ba da ratar maki biyu, amma ba a wuce 30.

Lokacin kai hari, ɗaya yana tsayawa a baya yana zabga ƙwallon ƙasa da ƙarfi, ɗayan yana gaba dab da raga yana jiran abin da za a mayar ya tare. Na gaban ne ke tilasta wa abokan hamayya su ɗaga ƙwallon sama, domin na baya ya samu abin duka. Wannan aikin na gaba shi ne gwanintar Hendra.

Shekarunsa da Markis Kido

Hendra ya samu horo a kulob ɗin Jaya Raya na Jakarta, inda ya haɗu da Markis Kido, sa'arsa, wanda shi ma haihuwar watan Agustan 1984 ne. Kido gajere ne mai tsalle da ƙarfin duka, don haka shi ke baya, Hendra yana gaba. Sun ci gasar nahiyar Asiya a 2005, sannan suka zama zakarun duniya a 2007 a Kuala Lumpur bayan sun doke Jung Jae-sung da Lee Yong-dae na Koriya ta Kudu.

Babbar ranarsu ita ce 16 ga Agusta 2008, a wasan ƙarshe na Olamfik a Beijin. Abokan karawarsu, Cai Yun da Fu Haifeng, ƴan ƙasar Sin ne da ke wasa a gida, gaban jama'arsu. An ci Hendra da Kido a zagayen farko 12 da 21, amma suka ɗauki biyun da suka rage 21 da 11, da 21 da 16. Wannan ce kaɗai zinariyar da Indunusiya ta samu a Beijin. A 2010 suka ƙara da zinariyar wasannin Asiya a Guangzhou.

Daga nan tauraruwarsu ta fara dusashewa. Ba su samu gurbin zuwa Olamfik ta Landan a 2012 ba, kuma a can ne Indunusiya ta dawo ba lambar badminton ko ɗaya, karon farko tun da aka shigar da wasan cikin Olamfik a 1992. A ƙarshen wannan shekarar suka rabu.

Haɗuwa da Mohammad Ahsan

Sabon abokin Hendra shi ne Mohammad Ahsan, haifaffen Palembang a 1987, mai ƙarfin duka daga baya. Ba su cika shekara tare ba suka ci kofin duniya na 2013 a Guangzhou, inda suka doke Mathias Boe da Carsten Mogensen na Danmak. A 2014 suka ɗauki kofin All England na Birmingham, gasar da ta fi kowace daɗewa a wannan wasa tun da a 1899 aka fara ta, suka kuma ci zinariyar wasannin Asiya a Incheon. A 2015 suka sake zama zakarun duniya, wannan karon a zauren Istora na Jakarta, ranar 16 ga Agusta, jajibirin cikar ƙasarsu shekara 70 da samun ƴancin kai.

An je Olamfik ta Riyo a 2016 ana sa ran za su dawo da lamba, sai ga shi tun a matakin rukuni aka fitar da su. Suka rabu, Hendra ya bar tawagar ƙasa, ya shafe shekarar 2017 yana wasa da Tan Boon Heong na Maleziya ba tare da wani babban kofi ba. Yana da shekara 33 a lokacin, shekarun da ƴan wasa da yawa kan ajiye raket.

Shekarar 2019

A 2018 Hendra da Ahsan suka koma tare. Magoya baya suka laƙaba musu suna “The Daddies”, wato iyaye maza, tun da dukansu magidanta ne masu ƴaƴa, kuma sun girmi yawancin waɗanda suke karawa da su.

A watan Maris 2019, Hendra ya ji ciwo a ƙwaurinsa a wasan kusa da na ƙarshe na All England. Duk da haka ya shiga wasan ƙarshe yana ɗingishi. Aaron Chia da Soh Wooi Yik, matasan Maleziya, suka ɗauki zagayen farko 21 da 11, amma dattawan suka kwashe sauran biyun. Ranar 25 ga Agusta, ranar da Hendra ya cika shekara 35, suka doke Takuro Hoki da Yugo Kobayashi na Japan a birnin Basel na Suwizalan, 25 da 23, 9 da 21, 21 da 15, ya karɓi kambunsa na duniya na huɗu. A watan Disamba suka rufe shekarar da kofin gasar ƙarshe ta hukumar BWF a Guangzhou.

Abin da ya sa suka iya haka shi ne salon wasansu. Sun san ba za su iya doguwar fafatawa da matasa ba, sai suka mai da hankali kan bugu uku na farko: bugun farawa, mayarwa, da wanda ke biye. Hendra yakan hango inda ƙwallon za ta bi tun kafin a buga ta, ya riga ya ɗaga raket a wajen, ya sauke ta bayan raga inda ba mai kaiwa. Sau da yawa ana samun maki kafin gudu ya fara. An kuma san shi da natsuwa: ko ana cin sa ko yana ci, fuskarsa ba ta cika canjawa ba.

Shekarun ƙarshe

Ranar 14 ga watan Yuni 2021, Markis Kido ya yanke jiki ya faɗi yana cikin wasan badminton a Tangerang, ya rasu yana da shekara 36. Makonni kaɗan bayan haka Hendra ya je Olamfik ta Tokyo, inda shi da Ahsan suka ƙare a matsayi na huɗu. Chia da Soh ne suka hana su lambar tagulla, don haka Ahsan ya gama wasa bai taɓa samun lambar Olamfik ba.

A watan Oktoban 2021, Hendra ne kyaftin ɗin tawagar da ta ci kofin Thomas, na ƙungiyoyin maza na ƙasashe, a Aarhus ta Danmak. Sun doke Sin da ci 3 da nema, kuma rabon Indunusiya da wannan kofi tun 2002. Ba a ɗaga tutar ƙasar ba a wajen bikin, saboda takunkumin da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta sa mata a lokacin.

Hendra da Ahsan sun sake kaiwa wasan ƙarshe na gasar duniya a 2022 a Tokyo, Chia da Soh suka doke su. Sun kuma zo na biyu a All England a 2022 da 2023, duka a hannun ƙannensu ƴan Indunusiya. Gasarsu ta ƙarshe ita ce Indonesia Masters ta Janairun 2025 a Istora, inda suka yi bankwana tare.

Wasan a Afirka

Har yanzu ƴan Asiya da Turai ne ke mamaye wasan biyu-biyu, amma maƙwabtan Nijar biyu sun kai matakin Olamfik. Godwin Olofua da Anuoluwapo Opeyori sun wakilci Najeriya a wasan maza a Tokyo, gasar da Hendra ya zo na huɗu. A Paris a 2024, Koceila Mammeri da ƴar'uwarsa Tanina sun wakilci Aljeriya a wasan mace da namiji. A wannan shekarar kuma Mariam Eniola Bolaji ta Najeriya ta ci tagulla a gasar masu buƙata ta musamman ta Paris, lambar farko da Afirka ta samu a badminton a wannan mataki.