Daga Sarkin Makafi Zuwa Takardar Shaida

A Kanon da, makafi da kutare da guragu kowane rukuni na da sarkinsa. Shi ya san mutanensa, ta hannunsa kuma sadakar manya ke isa gare su. Alawus na gwamnati baƙon abu ne a ƙasar Hausa: a 2007 ne Sule Lamido ya yanka wa naƙasassun Jigawa naira 7,000 duk wata. Dokar tarayya da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta tanadi takardar shaidar naƙasa da kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, amma ba ta yanka ko kwabo ba. Gurgun bakin tashar Unguwa Uku, ko ya mallaki takardar, abincinsa na hannun fasinjoji.