Ranar da Aka Sauya wa Gwanaye Wurin Kayan Aiki

A watan Janairu na 2007 kamfanin Microsoft ya fitar wa jama'a da Office 2007, ya kau da jerin umarnin da masu buga takardu suka haddace shekara da shekaru. A Nijar, inda da Faransanci ake koyon aikin, hannun sakatare ya san hanya daga Fichier zuwa Format da Outils ba sai ido ya duba ba. Sai ga wani faffaɗan ziri a saman allo, wanda aka raɗa wa suna Ruban, ya shimfiɗa umarnin cikin gungu-gungu na hotuna. Fichier kansa ya ɓace, wani zagayayyen maɓalli ya maye gurbinsa.

Kamfanin yana da hujjarsa. Word na farko umarninsa wajen 100 ne, na 2003 kuwa ya haura 1,500, har mutane kan roƙi a ƙara musu abin da tuni yana ciki, ba su dai gan shi ba ne. Jensen Harris, ɗaya daga cikin jagororin aikin, ya yi ta bayanin haka ga jama'a.

Sababbin shiga ba su sha wuya sosai ba, domin ba su da abin mantawa. Gwanaye ne suka koka, tun da ba a bar musu hanyar komawa tsohon tsari ba. Har wasu ƙananan kamfanoni suka ƙirƙiro manhajojin da ke maido da shi. Ƙari a kan haka, takardar docx ba ta buɗuwa a tsohon Word sai da wani ƙarin gyara.

Mai rubuta Hausa yana da nasa kukan. Allon bugun Faransanci ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, don haka da yawa kan tono su daga akwatin alamomi, shi kuma ya koma can ƙarshen zirin Insertion. Malamin Dogon Dutsi da ke shirya darasi kan yaƙin Lugu na 1899, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine, in ƙugiya ta kuɓuce masa, baƙi sun zama baki.

Kukan bai tashi a banza ba. A Office 2010 kamfanin ya maido da Fichier, ya kuma ba kowa damar shirya zirin yadda yake so. Amma zirin bai kau ba, kuma waɗanda suka taso bayansa shi suka sani.

Hausawa kan ce sabo turken wawa, sai dai a bakin aiki sabo jari ne, wanda ya tara shi kuwa shi ke yin asara ranar sauyi. Ɗalibin da aka koya wa wurin maɓalli kaɗai, iliminsa na hannun kamfani. Wanda ya fahimci aikin maɓallin zai nemo shi duk inda aka kai shi.